Sabulun Aski a Kan Katangar Baya

Ni ba mai haƙuri ba ce, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar ina da shi ba. Shi ya sa da aka sallamo Baba daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye, aka ce ni zan riƙa yi masa aski, na ce a kawo, minti biyar ya ishe ni. Yayana soja ne, yana can inda aka tura shi, sai dai a ji shi a waya. Mama kuwa hannunta rawa yake yi, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Saura ni, da na gama sakandare nake tsaron wani kantin magani kusa da kasuwar Zuru.

Baba tsohon soja ne, kamar rabin tsofaffin unguwarmu. Saje ya kai kafin ya ajiye kaki. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin gashi ko ɗaya a haɓarsa ba, domin ba ya leƙa ƙofar gida sai ya yi aski. Ko gona za shi, ko coci. Akuya ta taɓa tsinke igiya da sassafe yana kallo ta fice, ya ce ta je, zai same ta in ya gama.

Kayan askinsa uku ne: gidan reza na ƙarfe, da ɗan guntun burushi, da sabulun aski zagayayye a cikin wani gwangwani mai murfi wanda fentinsa ya gama gogewa. Ba a sayar da irin sabulun a garinmu. Yayana ke aiko shi ta hannun direba. In Baba ya gama aski, sai ya ɗauraye kumfar da ruwa kaɗan, ya karkata gwangwanin ya tsiyaye, ya yarfe burushin sau uku, ya kai su kan katangar baya ya ajiye a buɗe, murfin a ƙarƙashi. Wai su sha iska. Sai rana ta take yake zuwa ya ɗauko ya rufe. Kuma kullum wuri ɗaya ne, inda katangar ta zaizaye ta gajarce, dab da garken awaki. A bayanta akwai 'yar hanyar ƙafa da ke hawa dutse.

Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Sabulun da za ka shafa a fuska, ka bar shi a buɗe kusa da kashin awaki, ƙudaje na sauka suna tashi? A kantin magani na ga yadda ɗan yanka ke zama gyambo, ga shi Baba yana da ciwon suga. Don haka ranar farko da na gama masa aski, na ɗora ruwa a wuta, na samo tsohon burushin haƙori na dirje gwangwanin nan ciki da waje. Abin da ya fito daga gefensa sai wanda ya gani. Busasshiyar kumfa ta shekaru, da guntayen gashi farare fat sun manne a cikin burushin. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na goge komai da tsumma mai tsabta, na rufe, na sa a cikin kabad. Na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye ba.

Baba yana kan kujera yana kallona. Ya yi wani gurnani, ya bugi hannun kujerar da hagunsa. Ciwon ya tafi da Hausarsa gaba ɗaya. Abin da ya rage masa guntayen C'lela ne, yarenmu, su ma a bakin da ya karkace, ko Mama ba ta iya kama su. Ni kuwa C'lelata ta gaisuwa ce da zagi.

Na ce, “Baba, ba sai ka gode ba.”

Likita ya ce kowace Alhamis a kawo shi a motsa masa ƙafa da hannu. Ya ce makonnin farko su ne komai, in aka bar ƙafar ta sandare, to ta sandare ke nan, ba zai sake takawa ba. Alhamis ta farko mun je. Ɗan kabu-kabu a gaba, Baba a tsakiya, ni a baya na rungume shi kamar buhun dawa. Har ya motsa babban yatsan ƙafa, nas ta tafa masa.

Washegari na kaɗa kumfa na matso, sai ya kau da kai. Na zagaya ta ɗaya ɓangaren, ya sake kau da kai. Na kama haɓarsa, ya make hannuna, burushin ya faɗi ƙasa. Ya nuna gwangwanin, ya nuna ƙofa.

“Waje kake so a yi maka?”

Muka ciccibe shi ni da Mama muka fito da shi tsakar gida. Ya ƙi. Ya sake nuna gwangwanin, ya nuna can wani wuri, hannun yana yawo a iska, ba ka iya cewa ga abin da yake nufi. Mama ta ce a hankali, “Ko ki mayar masa kan katanga mana.” Na ce, “Mama, kashin awaki.” Ta ƙyale ni, domin tun da na fara aiki a kantin magani take ɗaukata rabin likita.

Daga nan kowa ya kawo nasa. Mama ta ce wataƙila kunya ce, ba a saba 'ya mace ta kama haɓar ubanta ba. Aka kira wanzamin bakin kasuwa, ya zo da zabirarsa, ya yi gaisuwa mai tsawo, Baba ya rufe ido kamar ba kowa a wurin. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce masu irin wannan ciwo sukan yi fushi da duniya, a bi shi sannu. Yayana a waya ya ce reza ce ta dakushe, in canja. Na canja. Ya ce to ruwan ne ya yi sanyi. Na ce masa in ya san aikin haka ya nemi hutu ya zo ya yi.

Ni kaina na yi tunanin ko shanyar sabulun ce ke damunsa. To, na shanya. Na buɗe shi a kan taga, ya buga kujera. Na ɗora a kan duro a tsakar gida inda rana ke dukansa, ya buga kujera. Wata rana da yamma na gaji, na ce shi ke nan, katanga kake so, ga katanga. Na rufe gwangwanin, na sa a leda saboda ƙura, na ƙulle bakin ledar, na kai na ɗora. Ya kalli ledar nan, ya kalle ni, sai ga hawaye. Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Na ɗauke na mayar kabad, na ce wa Mama, “Kin gani? Ba katangar ba ce.”

Alhamis ta biyu ɗan kabu-kabu ya zo ya yi ta danna oda a ƙofa. Baba ya riƙe ƙarfen gado da hagunsa, ya shafa haɓarsa a kafaɗa, ya kalle ni. Wannan kam na gane. Ba zai fita da gemu ba. Ba zai kuma bari a aske gemun ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da tawul a kafaɗa, na rasa ta ina zan kama. Alhamis ta uku haka. Na je asibiti ni kaɗai, nas ta ce ita ƙafa take motsawa, ba labari ba, in kawo shi ko in daina zuwa. Da na dawo na yaye zanen da ke ƙafarsa, sai na ga yatsun sun fara lanƙwashewa ciki, diddigen ya ƙi taɓa ƙasa.

Ranar na yi masa tsawa. Na ce, “Baba, a kan sabulu za ka gurgunce? Sabulu? In zubar da shi kake so, faɗa mini in jefa shi a masai yanzu!” Mama ta ce in ji tsoron Allah. Na ce ina jin tsoronsa, amma wani ya gaya mini abin da mutumin nan yake so.

Da na huce na kawo masa kunu ina ba shi da cokali. Yana zuba ta gefen baki, ina sharewa, dole na ƙura wa gemun ido. Ya yi mako biyu yanzu, ya fito sosai. Sai na ga ashe baƙi ne. Akwai furfura jefi-jefi a gefen kunne, amma haɓar baƙa ce wuluk, har na ji mamakin mutum mai shekarunsa da irin wannan gashi. Na ci gaba da ba shi kunu. Sai cokalin ya tsaya mini a hannu. To gashin da na tsince daga burushinsa fa? Farare ne fat, ko baƙi ɗaya babu. Na wa ne?

Na tambayi Mama ko Baba yana ba wani aron burushinsa. Ta ce mutumin da ko kofinsa ba a sha da shi?

Kwana uku ina yawo da wannan a kaina. Ranar Litinin da safe na fito za ni kanti, na bi ta hanyar baya don ta fi kusa, sai na ci karo da Kofur yana saukowa daga dutse. Kofur shi ma tsohon soja ne, tare suka yi aiki da Baba. Shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki ɗaya can sama, matarsa ta rasu, 'ya'yansa ban san inda suke ba. Ba abokin Baba ba ne, yadda na sani. Ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba. In sun haɗu a hanya, sai ya ce “Saje,” Baba ya ce “Kofur,” kowa ya wuce. Ranar da aka sallamo Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙame, ya sara, ya juya. Ko ruwa bai sha ba.

Na kusa wuce shi ban gane shi ba. Fuskarsa ta cika da gemu fari fat, kamar an watsa masa garin rogo.

Ya ce, “Ɗiyata, ya jikin Saje?”

Na ce, “Da sauƙi. Baba Kofur, kai ma yajin aski kake yi?”

Ya shafa haɓa. Ya kalli katangarmu, daidai inda ta gajarce, ya ɗauke ido da sauri. Ya ce, “Tsufa ne.” Ya wuce.

Na tsaya a wurin. Katangar ta wannan gefen ba ta wuce ƙirjina ba. A gindinta akwai wani faffaɗan dutse da ya yi sumul saboda zama, da wani fashasshen madubi an soke shi a tsagar bulo. Shekara nawa ina bin hanyar nan, ban taɓa tambayar kaina madubin wa ne ba.

Ban je kanti ba. Na koma gida da gudu, na buɗe akwatin Baba, na ɗauko sabon sabulu cikin waɗanda yayana ya aiko, ko takardarsa ba a ɓare ba. A ganina magana ta ƙare. Mutum ba shi da sabulu, ga sabulu. Na hau dutse ina haki, na same shi yana gyaran fartanya a ƙofar ɗakinsa, na miƙa masa.

“Mi ne ne wannan?”

“Sabulun aski ne. Naka ne, ka riƙe.”

Bai karɓa ba. Ya ajiye fartanyar, ya miƙe tsaye, ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Saje ya aiko ki?”

“A'a, ni ce na ga...”

“Kin ga mi? Wa ya ce miki bara nike yi?”

“Ba bara ba ne, Baba Kofur. Na dai gane kai ne kake...”

“Ban san abin da kika gane ba. Ki gai da mutanen gida.”

Ya shige ɗaki ya saki labule. Na sauko da sabulun a hannu, kunya da haushi suna cina, na fi rikicewa fiye da lokacin da na hau.

Na tarar da Mama tana tsince wake. Na zauna na zayyane mata komai, gashin, madubin, sabulun da aka ƙi karɓa. Ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, “Ai na ce ki mayar kan katanga.”

“Ba ki gaya mini dalili ba!”

“Ni ma ba wanda ya gaya mini. Na dai ga sabulun mutum ɗaya yana ƙarewa kamar na mutum biyu. Kuma in na je ba awaki dusa da hantsi, sai in gan shi a jiƙe, alhali tun asuba aka shanya.”

“Tun yaushe?”

“Tun ba ki da haƙora.”

“Kuma ba ki tambaye shi ba?”

“In tambaye shi me?”

Na ce to me ke tsakaninsu. Ta ce wasu sun ce Baba ne ya goyo Kofur a bayansa a wajen yaƙi. Wasu sun ce Kofur ne ya goyo Baba. Akwai kuma masu cewa Baba ne ya kai ƙararsa aka cire masa igiyar muƙami, shi ya sa ya tsufa a kofur. Na ce wanne ne gaskiya. Ta ce in miƙo mata faranti.

Talata da asuba na ɗauki gwangwanin na kai katanga, a buɗe, babu leda, murfin a ƙarƙashi. Na laɓe a bayan garke. Kofur ya sauko, ya tsaya, ya leƙa. Ya taɓa sabulun da yatsa ɗaya, ya ga a bushe yake ƙamas. Ya goge yatsan a wandonsa ya tafi. Laraba ma haka. Na kusa jifan sa da gwangwanin. Sai daga baya na haɗa abin, in ma na haɗa shi daidai: shi ba ya taɓa sabulun sai Saje ya riga shi. Ragowar da aka shanya yake amfani da ita, ba kyauta ba. Baba kuma ba zai yi aski ba muddin sabulun kabad zai koma. Tsofaffi biyu da gemu, kowanne yana jiran ɗan'uwansa, ga ƙafa tana sandarewa a tsakani.

Alhamis da sassafe muka fito da Baba tsakar gida, na juya kujerar ta fuskanci katangar baya. Na durƙusa a gabansa da gwangwanin.

Na ce, “Baba, na ga Kofur. Gemunsa ya fi naka muni. In na aske ka, can zan kai, a buɗe, yadda kake yi. Ba zan sa leda ba.”

Ya daɗe yana kallona. Na ce a raina in ya sake kau da kai, ban san abin da zan yi ba, domin dabarata ta ƙare. Sai ya ɗaga haɓa.

Gemun mako uku ba wasa ba ne. Sai da na fara rage shi da almakashi, na yanke shi sau biyu a gefen da ya shanye saboda fatar ta saki. Bai motsa ba. Da na gama na ɗauko butar ruwan zafi zan dirje gwangwanin, ya kama wuyan hannuna da hagunsa. Ya sa na zuba ruwa kaɗan, na sanyi. Ya karkatar da hannuna har ruwan ya tsiyaye. Ya nuna burushin, na yarfe sau biyu, ya buga kujera, na ƙara ɗaya. Na kai na ɗora.

Ɗan kabu-kabu ya iso yana danna oda. Na ce, “To Baba, mu tafi.” Ya riƙe kujera. Idonsa na kan katanga.

“Baba, an yi askin! Me kuma?”

Mama ta ce in rufe bakina. Ɗan kabu-kabu ya leƙo ya ce shi fa yana da fasinjan Ribah da ke jiransa. Na ce ya jira ko ya tafi, duk ɗaya. Muka zauna mu uku muna kallon gwangwani a kan katanga kamar marasa aikin yi. Akuya ta ɗaga kai ta sansana ta bar shi. Na fara tunanin ko tsohon nan ya yi zuciya saboda abin da na yi masa ranar Litinin, ba zai sake zuwa ba. In haka ne, ni na gurgunta Baba da hannuna.

Can sai ga hannu ya ɓullo ta saman katanga, baƙi, siriri. Ya shafa sabulun da yatsa ɗaya. Ya tsaya. Sannan gwangwanin da burushin suka ɓace.

Ba mu ji komai ba sai ƙarar reza a kan busasshen gemu, da tari sau ɗaya. Ba wanda ya ce “Saje,” ba wanda ya ce “Kofur.” Bayan kamar minti goma hannun ya dawo da kayan, ya ajiye daidai inda suke, muka ji ana yarfe burushi kafin nan, sau uku. Baba ya saki kujerar, ya miƙo mini hannu in ɗaga shi.

Mun makara. Nas ta yi mini faɗa a gaban mutane, ta ce ƙafar ta koma baya, sai an sha wuya. An kuwa sha. Baba yana takawa yanzu da sanda, yana jan ƙafar dama, diddigen bai taɓa komawa daidai ba. Likita bai ce makonni biyun nan ne suka jawo ba, bai kuma ce ba su ba ne, ni ma na daina tambaya. Maganarsa ta ɗan dawo. Na taɓa ce masa, “Baba, me ya sa ba za ka ba shi nasa sabulun ba kawai?” Ya dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da kai, ya ce, “Shanya nike yi.”

Har yau ni ke masa aski, shi kuma ya ɗauki gwangwanin a aljihun riga, ya ja ƙafa har katanga. Tafiyar da ba ta wuce taku ashirin ba takan ci masa minti biyar, ba ya yarda a karɓa masa. Kofur bai sake ce mini “ɗiyata” ba, sai dai ya ɗaga hannu daga nesa. Ni kuma ra'ayina bai canja ba, mutum biyu a burushi ɗaya ƙazanta ce, ga mai ciwon suga. In rana ta take na je ɗauko kayan, nakan tsoma burushin a ruwan zafi a bayan ɗakin girki inda Baba ba ya gani. Gwangwanin dai na bar shi yadda yake, da fararen gashin da baƙaƙen manne a gefensa.